Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi: Takardar da ke Teburinku Ba Ta San Gidajen Jama'a Ba

Zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da jami'an tsare-tsare da ƙididdiga da ke aiki tare da su.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, akwai wata takarda da ban taɓa shiga ofishin ƙaramar hukuma na rasa ta ba. Wani lokaci tana manne a bango, wani lokaci tana shafin farko na kundin kasafin kuɗi. Ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu. A cikinta an rubuta yawan mutanen yankin, da nawa ne suka kai shekarun aiki, kashi nawa ke da aikin yi, kashi nawa ke zaune. Manoma nawa, 'yan kasuwa nawa, masu albashi nawa. Mutum nawa ne a gida guda, kuma nawa ke shigowa gidan a wata. Da ita kuke zuwa gaban gwamnatin sama neman kaso, da ita kuke tarbar baƙi masu kawo tallafi, da ita ake yanke unguwar da za a kai wa famfo bana da wadda za a ce ta jira baɗi.

A kan wannan takarda na rubuto muku, domin da hannuna a cikinta. Na yi shekaru ina cikin masu bi gida-gida da jaka da takardar tambayoyi, muna sallama, ana ba mu tabarma ko kujera, muna tambaya muna rubutawa. Ba na tuhumar kowa da ƙarya. Abin da nake so ku sani shi ne, mutanen da ke cikin takardar da mutanen da ke cikin gidajen ba su cika kama da juna ba, kuma na san ƙofar da bambancin yake shigowa, don a gaban idona yake shigowa.

A farkon shigata aikin, na shiga wani gida da hantsi. Na tarar da uwargidan a kan keken ɗinki, ƙafarta na taka shi, awo rataye a wuyanta, allura biyu a gefen bakinta. Wasu 'yan mata biyu na zaune a ƙasa suna rage zare a jikin kayan da aka gama. Ga tulin atamfa a gefe, kowace an ɗaura mata ɗan ƙyalle da alamar mai ita. Na gaishe ta, na zo kan tambayar da ke cikin takardata, na ce, "Mama, kina aiki?" Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta zare allurar daga baki ta ce, "A'a ɗan nan, ni ba na aiki. Maigidan ne ke aiki." Na rubuta ta a gurbin matan gida marasa aiki. Na rubuta 'yan matan a gurbin masu zaman gida. Na rubuta maigidan a gurbin masu albashi, kamar yadda ta faɗa. Sai da na tashi tafiya, hira ta ɗan saki, na ji cewa wurin aikin nasa ya yi watanni bai biya ba, kuma keken nan ne ke riƙe da gidan, daga abinci har kuɗin makaranta. Na riga na cike gurbin, ga gidaje da yawa a gabana, na wuce ban gyara ba. Har yau abin yana ci mini rai. A ranar na shafe mutum uku masu sana'a daga lissafin yankin, na kuma ƙara masa albashi guda da babu shi.

Matar nan ba ta yi mini ƙarya ba. A bakin mutane, "aiki" shi ne wanda ake fita da safe, a sa hannu, a karɓi albashi a ƙarshen wata. Abin da take yi ita sana'a take kiransa, ko ma "ɗan abin hannu", ko "rage zafi". Da na tambaye ta, "Jiya daga asuba zuwa dare me da me kika yi?" da na cika shafi biyu. Wannan matsala ba ta harshe ɗaya ba ce. Duk inda aka ɗauko tambaya da aka tsara don mai albashi aka kai ta gidan mai sana'ar hannu, irin amsar da za a samu ke nan.

Kuma masu sana'ar hannun nan su ne mafi rinjaye a duniya. A rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018, mutum biliyan biyu, sama da kashi 60 cikin ɗari na duk masu aiki a doron ƙasa, suna neman abincinsu ne a ayyukan da babu rajista, babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho. A Afirka adadin ya kusa kashi 86. Tun farkon shekarun 1970 wani masani ɗan Ingila, Keith Hart, wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Accra, ya nuna cewa mutanen da littattafan hukuma ke kira marasa aiki, daga asuba suke kan ƙafafunsu: wannan dako, wancan gyara, wancan saye da sayarwa. Yau fiye da shekara hamsin ke nan da wannan magana, amma takardun da ake ba mu har yanzu gurbin mai albashi ne a sama, sauran jama'a kuma a cusa su a "da sauransu".

Ranku ya daɗe, lambar da aka fi yi muku tambaya a kanta ita ce ta rashin aikin yi, don haka ku ba ni dama in daɗe a nan. Tun 1982, taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya ya amince cewa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a cikin mako don samun kuɗi ko riba, a lissafa shi cikin masu aiki. Marar aiki kuwa shi ne wanda bai yi ko awa ɗaya ba, yana shirye ya yi, kuma yana nema. An yi wannan ma'auni ne da dalili, don a iya kwatanta ƙasa da ƙasa, kuma a ƙirga duk ƙwadagon da ya shiga tattalin arziki. Amma ku dubi abin da yake haifarwa a wurin da babu wanda ke biyan marar aiki ko sisi. Talaka ba shi da halin zama mako guda bai taɓa komai ba. Yunwa ba za ta bar shi ba. Zai ɗauki kaya, zai wanke mota, zai tsare wa wani rumfa. Wanda ke iya zama yana jiran aikin da ya dace da takardunsa, galibi akwai mai ciyar da shi. Sai ya zamana unguwar da ta fi kowace talauci ita ce ke fitowa da ƙarancin marasa aiki a takarda.

An ga wannan ƙarara a Najeriya. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3. A 2023, bayan ta koma ma'aunin awa ɗaya daga tsohon ma'auninta na awa ashirin a mako, lambar ta sauko zuwa kashi 4.1. Babu wata masana'anta da ta buɗe ta kwashe waɗannan miliyoyin mutane. Ma'auni ne ya canza. Duka lambobin biyu daidai suke a bisa tambayar da kowace ta amsa, kuma duk shugaban da ya ɗauki ɗaya daga ciki ya yi kasafi da ita ba tare da ya san tambayar ba, ya yi gini a kan rairayi.

Masanan su kansu sun ga gibin. A taronsu na 2013 a Geneva sun sake fasalin abin gaba ɗaya. Sun raba aikin da ake yi don kuɗi da aikin da mutum ke yi don amfanin gidansa, kamar noman da za a ci a gida da ɗebo ruwa da itace, da aikin koyon sana'a ba biya, da aikin sa-kai. Sun kuma ce kada a tsaya kan marasa aiki kawai: a ƙirga wanda ke da aiki amma awanninsa ba su ishe shi ba, da wanda ya gaji da nema ya daina. Waɗannan su ne lambobin da ya kamata ku nema. Idan jami'inku ya kawo muku kashi kaza na marasa aiki, ku tambaye shi: cikin masu aikin, nawa ne ke neman ƙari? Nawa ne abin da suke samu bai kai su ƙarshen mako? Nawa ne idan suka kwanta ciwo kwana uku, tukunya za ta sauka?

Ga kuma hidimar gida, wadda takardarku ba ta da gurbinta sam. Ƙungiyar Ƙwadagon ta ƙiyasta cewa a kullum ana kashe awa biliyan 16.4 a duniya wajen girki da wanki da renon yara da jinyar marasa lafiya da kula da tsofaffi ba tare da biya ba, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi a wuyan mata yake. Wannan ya shafi kasafinku kai tsaye. Matar da ke kashe awa biyu a layin ruwa, awa biyun nan daga sana'arta aka zare su. Idan kuka kai famfo kusa da ita, kun ƙara wa gidan kuɗin shiga ko da ba ku ba ta jari ba. Amma in takarda ta ce ba ta aiki, wa zai ga cewa lokacinta yana da daraja?

Sai maganar gurbi ɗaya. Takardar tana tambayar "babbar sana'a", ta ba ka layi guda. Na taɓa zama da wani magidanci, na yi masa wannan tambaya, ya yi shiru yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Malam, ta wane wata kake so?" Lokacin shuka yana gona. In an girbe yana bin magina yana kwaɓa siminti. Da yamma yana karɓar babur ɗin wani ya yi 'yan awanni, su raba abin da ya samu. Wata biyu a shekara kuma ba ya garin ma, yana can wani birni yana ci-rani. Na rubuta "manomi". In da wani abokin aikina ne ya zo bayan wata huɗu, "lebura" zai rubuta, ko ya tarar ba ya nan ya tsallake shi. Yanki guda, mutane guda, amma hoton ya danganta da watan da aka ɗauke shi. Shi ya sa duk binciken da aka yi sau ɗaya, a cikin mako biyu, aka ce shi ne tattalin arzikin yanki, ni ba na sakin jiki da shi. Gidan da ka tarar da rumbu cike bayan girbi, ka dawo kafin sabon amfani ya nuna ka gani.

Shi kansa "gida" sai an yi hattara. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa don ƙidaya ya ce gida shi ne mutanen da ke haɗa kai wajen tanadin abinci da sauran bukatun rayuwa, wato masu ci daga tukunya ɗaya. Ma'auni ne mai kyau, amma kuɗi ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Akwai magidancin da za ka ƙirga mutum biyar a gidansa, alhali albashinsa yana ciyar da goma sha biyar: iyaye a wani gari, ƙanwa da mijinta ya rasu, 'ya'yan wa da ke makaranta. A takarda yana cikin masu hali. Akwai kuma tsohuwar da ba ta da kowace sana'a, a takarda ita ce ta ƙarshe, amma duk wata ɗanta yana aiko mata. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa ƙasashe masu tasowa ya haura dala biliyan 600 a shekara, kuma wannan na tsakanin ƙasa da ƙasa ne kawai. Wanda ke tafiya daga birni zuwa ƙauye a cikin ƙasa ɗaya bai shiga ba. Tambaya biyu za su rage wannan duhu: wa kake tallafa wa a waje, kuma wa ke tallafa maka?

Wani abin da na gani da idona: a cikin gida ɗaya ma aljihu ba ɗaya ba ne. Muna tambayar maigida shi kaɗai, shi kuma sau da yawa bai san abin da matarsa ke samu ba, ita ma ba ta san nasa ba. Idan ana son gaskiya, kowane baligi a tambaye shi da bakinsa, kuma mata su tambayi mata.

Game da matsakaicin kuɗin shiga ba zan ja dogo ba, lissafi ne mai sauƙi. Gida goma, tara kowanne yana samun goma, na goman yana samun ɗari tara da goma. Matsakaici ɗari ne. Babu gida ko ɗaya a cikinsu da ke rayuwa a kan ɗari. Ku ce a jera gidajen daga na ƙasa zuwa na sama a nuna muku na tsakiya, a kuma nuna muku halin da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa suke ciki. Kuma a rarraba muku unguwa-unguwa, domin ƙaramar hukuma guda tana iya ɗauke da unguwar da ta wadata da wadda ke hannu baka hannu ƙwarya, titi ɗaya ne tsakaninsu.

Ko lambar da aka ba mu a bakin ƙofa ma, yadda aka yi tambaya ne ke haifar da ita. A Indiya, a shekarun 1990, hukumar bincikensu ta gwada tambayar wasu gidaje abin da suka kashe a abinci cikin kwana talatin, wasu kuma cikin kwana bakwai. Waɗanda aka tambaya kwana bakwai sun tuna abubuwa da yawa, lissafinsu ya fito sama, har adadin matalautan da aka samu ta wannan hanya ya ragu da kusan rabi. Mutanen ba su ƙara cin komai ba. Ɗan Adam ne mai mantuwa. To ina ga wanda ba shi da albashi, kuɗi ke shigo masa ɗiɗɗiga, yau da yawa, gobe babu, aka ce ya faɗi abin da yake samu a wata? Zai kalli fuskarka ya auna: in yana zaton tallafi ne ya kawo ka, ya rage, in yana jin kunyar maƙwabcin da ke tsaye, ya ƙara, in yana tsoron haraji, ya ce Allah dai ya rufa asiri.

Wasu masu bincike sun bi wata hanya da ta burge ni. Sun zaɓi gidaje kusan 250 a Bangladesh da Indiya da Afirka ta Kudu, suna komawa kowane gida duk mako biyu har shekara guda, suna rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Abin da suka tarar shi ne, ƙarancin kuɗi kashi ɗaya ne na wahalar talaka. Sauran ita ce rashin sanin ranar da kuɗin zai zo. Sun tarar gidajen nan kullum cikin juya kuɗi suke: adashe, rance daga maƙwabci, bashin mai shago, ajiya a hannun amintacce. Duk wanda ya zauna da mutane ya san haka. Gidan da ke samun kaɗan amma a kan lokaci ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ke samun da ɗan dama amma babu tabbas. Kuma abin da ke kayar da gida galibi abu ɗaya ne da ya faɗo ba shiri: jinya, gobara, ambaliya, rasuwar mai nema. A nan ake sayar da keken ɗinki ko gona, a cire yaro daga makaranta. Takardarku ba ta tambayar bashi, ba ta tambayar abin da aka sayar bara don a biya asibiti.

Ba ina cewa ku watsar da ma'aunan duniya ba ne. Layin talauci na Bankin Duniya, wato adadin kuɗin da duk mai rayuwa a ƙasa da shi ake ƙirga shi matalauci, wanda ya faro daga dala ɗaya a rana a 1990, ya koma dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, yana da amfaninsa wajen kwatanta ƙasashe. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda jami'ar Oxford da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da shi a 2010, ya fi kusa da aikinku, domin yana duba abubuwa goma da ido ke gani: abinci mai gina jiki, mutuwar yara, shekarun karatu, zuwa makaranta, makamashin girki, banɗaki, ruwan sha, lantarki, ginin gida, da kadarori. Rabin waɗannan suna cikin hurumin ƙaramar hukuma. Amma binciken ƙasa baki ɗaya yana ɗaukar gidaje kaɗan ne daga kowane yanki, wani yankin ma ba a taka shi. Lambar da ta dace da jiha ko lardi, in aka sauko da ita kan gunduma, ta zama hasashe. Ƙidayar jama'a kuma, wadda aka so a yi duk shekara goma, a wurare da yawa takan wuce haka, sai a riƙa ɗora kashi kaza a kan tsohuwar lamba kowace shekara, kamar babu wanda ya ƙaura, babu unguwar da ta tsiro.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sanin yanki aikin masu yankin ne, kuma an taɓa yi, da kayan aiki da ba su kai naku ba. A 1886 wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya fara bin birnin Landan titi-titi. Bai fara da komai ba sai littattafan jami'an da ke bin yara gida-gida don tabbatar da suna zuwa makaranta, domin su ne suka san kowace ƙofa. Ya zana taswira, kowane titi da launinsa gwargwadon halin mazaunansa, ya tarar kusan kashi 30 na mutanen birni mafi arziki a zamaninsa suna cikin talauci. A 1899 Seebohm Rowntree ya yi irin wannan a birnin York, aka shiga gidaje 11,560. Ya tarar kusan kashi 28 na mutanen garin matalauta ne, kuma abin da ya girgiza masu mulki shi ne dalilin: cikin waɗanda suka fi shiga ƙunci, kusan rabi maigidan yana da aiki na kullum, ladan ne bai isa ba. Ba lalaci ba ne, kamar yadda aka saba faɗa. Ya kuma nuna cewa talauci yana zagayowa ne a rayuwar lebura sau uku: yana yaro, sa'ad da 'ya'yansa suke ƙanana, da kuma lokacin tsufa. Ba a daɗe ba, a 1908, Birtaniya ta kafa fanshon tsofaffi, kuma waɗannan bincike suna cikin abubuwan da suka share hanya. Ina kawo wannan ne don ku ga cewa mutum biyu da suka ɗauki gari ɗaya da muhimmanci sun canza yadda ƙasa ke kallon talakanta.

Ku ma kuna da irin waɗannan jami'ai. Malaman makaranta sun san yaron da ya daina zuwa da dalilinsa. Ma'aikatan lafiya da ke zagayen rigakafi sun san kowane lungu. Shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a sun san mambobinsu da kayan aikinsu. Masu unguwanni sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Wannan ilimi yana nan a warwatse, babu mai tattara shi, sai a ɗauko baƙo daga nesa a ba shi mako biyu da takardar da aka rubuta da wani harshe, ya riƙa fassarawa a tsaye a bakin ƙofa, kowane jami'i da tasa fassarar.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku ware wa ofishin ƙididdigarku kaso na dindindin a kasafi, ko da kaɗan ne, a daina jiran sai mai tallafi ya zo da nasa tambayoyin. A rubuta tambayoyin da harshen da mutane ke magana, a gwada su a gidaje kaɗan kafin a fita. A zaɓi wasu gidaje a kowace gunduma a riƙa komawa gare su aƙalla sau uku ko huɗu a shekara, don a ga lokacin wadata da lokacin tsanani. A bar wa mutum layi fiye da ɗaya ya faɗi sana'o'insa. Kuma a biya masu tattara bayanan a kan lokaci, a daina auna su da yawan takardun da suka cike a rana. Na san abin da gaggawa ta sa ni na yi a gidan mai ɗinkin nan, na kuma san akwai waɗanda gajiya da rashin biya suka sa suka zauna a inuwa suka cike takardun gidajen da ba su shiga ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da in babu shi duk wannan aikin banza ne, shi ne amana. Ƙa'idojin ƙididdigar hukuma guda goma da aka amince da su a 1994, waɗanda babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar a 2014, ta shida a cikinsu ta ce bayanan da aka karɓa daga mutum sirri ne, kuma don ƙididdiga kawai za a yi amfani da su. Ranar da mai shago ya ga cewa abin da ya faɗa wa mai ƙidaya ya dawo masa a takardar haraji, daga ranar an rufe ƙofar gaskiya a unguwar, kuma za a yi shekaru ba a buɗe ba. Haka in aka ga jerin masu karɓar tallafi ya bi layin siyasa. Ku raba mai ƙidaya da mai karɓar haraji, ku raba shi da ɗan jam'iyya, ku faɗa wa jama'a haka a fili, ku kuma cika. Sannan in lamba ta fito ba ta yi muku daɗi ba, ku bar ta yadda take. Jami'in da ya kawo muku labarin cewa talauci ya ƙaru a zamaninku, ya yi muku hidimar da mai yabo ba zai yi ba.

A kusan kowane gida da na shiga, akwai tambayar da ake yi mini in na rufe jaka: "To, yaushe za mu ji sakamako?" Nakan ce in sha Allahu za a ji. A duk shekarun da na yi, ban taɓa komawa wata unguwa da sakamako a hannuna ba. An karɓi awa guda na lokacin mutum, an tambaye shi abin da ko ɗan'uwansa bai sani ba, an tafi. Ina roƙonku, duk binciken da aka gama, a kira taro a kowace gunduma, a karanta wa mutane abin da aka samu da harshensu, a manna shi a makaranta da asibiti da kasuwa. Ku zauna ku saurara. Wani zai miƙe ya ce kun manta da masu gyaran waya, wata ta ce matan layinmu duk suna sana'a amma kun ce kashi kaza ne, wani ya ce unguwarmu ma ba ta cikin taswirar. Ku sa magatakarda ya rubuta duk abin da aka faɗa, a gyara takardar kafin a kai ta zauren kasafi.

Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da ya ɗora muku.

Wassalam,
Naku, wani tsohon mai tattara bayanai gida-gida.